Kunne Ya Girmi Aruli

Duk wanda ya taɓa kwana a Takur ta Dutse cikin watan Rabi'ul Awwal, ya bar tagarsa a buɗe saboda zafi ko saboda sha'awa, lalle ya ji abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, watau muryoyin masu karatun Ishiriniya da Burda suna tasowa daga wani zaure ko wata Islamiyya, babba ya ja baiti yara su amsa, ba mai riga wani, ba mai makara, sai ka ce da igiya ɗaya aka ɗaure numfashinsu. Mafi yawan yaran nan ba su san ma'anar rabin abin da suke rerawa ba, balle a ce sun taɓa jin sunan Ɗawil ko Basiɗ, amma da ɗayansu zai ƙara harafi guda ko ya rage, nan take sauran za su waiwaya su dube shi, domin kunnensu ya riga ya riƙe wani ma'auni wanda bakinsu bai san sunansa ba. Wannan ma'auni shi malamai ke kira aruli, mawaƙa su ce masa kari, kuma yadda Bahaushe ya koyi jinsa, sa'an nan ya koyi sarrafa shi, tarihi ne mai tsawo wanda ya cancanci a zauna a bi sawunsa a tsanake.

Makarantar farko ba ta da allo, ba ta da malami. A Birnin Kudu, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota daga Dutse ba, akwai duwatsun da mutanen dā suka zana siffofin shanu a jikinsu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Habude, kuma a kusa da zanen akwai waɗansu duwatsu waɗanda in aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar kuge. A cikin 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya lura da su ya bayyana wa duniya labarinsu, alhali kuwa gurabun da hannayen masu bugu suka ƙwaƙule a jikinsu sun isa shaida cewa an daɗe ana kiɗa a wurin. Abin da ya fi wannan kusa da mu shi ne turmi. Mata uku in sun kewaye turmi ɗaya suna lugude, kowace ta san lokacin da taɓaryarta za ta sauka da lokacin da za ta cilla ta sama ta tafa ta cafe, kuma wadda ta kuskure ko da ƙiftawar ido ce, to, taɓare za su yi karo, a yi mata dariya. Haka masu daɓe, haka mai niƙa a kan dutse, haka 'yan mata a dandalin gaɗa, haka manoma a gayya sa'ad da mai ganga ke biye da kunya yana ba garma lokacin tashi da na sauka. Yaron da aka goye shi a bayan mai daka ya sha kari tare da nono, ko da bai taɓa tsara ɗango ɗaya ba har ya tsufa.

Makaranta ta biyu daga gabas ta zo, cikin gafakar malamai. Larabawa sun yi ƙarnoni suna tsara ƙasidu masu awo daidai tun zamanin Jahiliyya, ba tare da wani ya rubuta musu doka ba, har Allah ya kawo Halilu ɗan Ahmad Alfarahidi, mutumin Basra, malamin Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekara ta 170 ta Hijira. An ruwaito cewa wata rana yana ratsa kasuwar maƙeran tagulla sai sautin masabarsu ya tsaya masa a rai, ya koma gida ya yi ta auna waƙoƙin magabata da wannan bugu, har ya gane cewa dukkansu ba su fita daga bahari goma sha biyar ba, ya jera su cikin da'ira biyar, daga baya aka ƙara na goma sha shida, Mutadarak, wanda ake jingina wa Ahfash. Sunayen da ya ba sassan ilmin daga bukkar makiyayi ya aro su: baiti shi ne ɗaki, sababi igiya, watadi turke, kowane rabin baiti kuwa ƙyauren ƙofa. Abin lura a nan shi ne Halilu bai ƙaga kari ba, tarar da shi ya yi a bakin mutane ya auna, kamar yadda mai awon hatsi ba shi ya shuka geron ba, mudu kawai ya zo da shi.

Tun bayan zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, littattafan Larabci suka yi ta kwararowa ƙasar Hausa, kuma da yawa daga cikinsu waƙe ne, domin magabata sun san cewa abin da aka ɗaure da kari ya fi zama a ƙirji. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya shiga karatun ilmi, in ya kai ga nahawu sai a ba shi Alfiyyar Ibnu Malik, baiti dubu a kan Rajaz. In ya ɗauki Burdar Busiri ya sha Basiɗ, in ya ɗauki Hamziyyarsa ya sha Hafif. Ishiriniyar Alfazazi, wadda malamin Katsina Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, ya yi wa sharhi, ita kuma a kan Ɗawil take tafiya. In ya yi nisa har ya shiga Shu'ara, watau ƙasidun mawaƙan Jahiliyya, sai ya tarar da Kamil a bakin Antara. Kafin a kai ga buɗe masa littafin aruli irin su Hazrajiyya, ya riga ya rera dubban baitoci a kan waɗannan bahar-bahar, dare da rana, a zaure da gona da kan hanyar fatauci, saboda haka in malami ya ce masa wannan shi ne Ɗawil, sai ya ji kamar an gaya masa sunan maƙwabcin da suka shekara ashirin suna gaisawa.

To, me ya sa ma'aunin da aka yanka domin Larabci ya zauna wa Hausa daram, alhali harsunan biyu sun sha bamban a kalma da jimla? Sirrin yana cikin gaɓa. Gaɓar Hausa iri biyu ce wajen nauyi, akwai mara nauyi, watau baƙi da gajeren wasali, akwai mai nauyi, watau baƙi da dogon wasali ko wadda wani baƙi ya rufe, kuma a kan wannan rabo ɗin nan Halilu ya gina ilminsa. Alal misali, faɗi “dabino” a hankali, za ka ji gajera ɗaya da dogaye biyu, daidai da abin da masu aruli ke kira fa'uulun. “Kasuwa” ita ce faa'ilun, “almajiri” shi ne mustaf'ilun, “tafiyar gida” kuwa mutafaa'ilun, ƙafar da ake gina Kamil da ita. Har ma zance na yau da kullum kan faɗa cikin bahari ba da niyya ba. Da wani zai ce, bayan damina mai albarka, “Mutanen garin nan sun ci ribar ruwan sama,” to ya yi cikakken ɗango na Ɗawil bai sani ba. In ya sauya ya ce “manoman garin nan,” awon yana nan yadda yake, amma in ya ce “'yan kasuwar garin nan,” sai ɗangon ya karye, ko da yake maganar ba ta da aibu ta fuskar ma'ana.

Mutanen da suka fi kowa cin moriyar wannan dacewa su ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa. Shehu, wanda aka haifa a 1754, tun yana saurayi ya tsara Daliyyarsa ta begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan Kamil, ƙanensa Abdullahi kuwa gwanin ƙasida ne wanda ya tara nasa a Tazyinul Waraƙati, har ya wallafa littafi a kan aruli da ƙafiya. Amma da suka ga talakawan da suke son wa'azi ya isa gare su ba su jin Larabci, kuma kunnuwansu sun saba da kiɗan fada da na bori, sai suka zuba tauhidi da fiƙihu da labarin Lahira cikin waƙen Fulatanci da Hausa, a kan waɗannan bahar-bahar ɗin, domin mai kiwo ya rera a daji, mai kaɗi ta rera a tsakar gida. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta mayar da waƙoƙin mahaifinta Hausa, ta tsara nata, ta danƙa wa jajis, watau malamai mata, su kai wa ɗalibansu 'yan taru a ƙauyuka, ƙanenta Isa ya yi wa waɗansu tahamisi. Shi tahamisi kuwa, watau a ɗauki baitin wani mai ɗango biyu a ɗora masa uku a kansa, da awo ɗaya, har mai sauraro ya kasa gane inda ɗinkin yake, ba wata jarrabawar kari da ta fi shi tsanani. Da tutar jihadi ta iso ƙasar Kano, masu jihadi Salihi da Musa suka karɓi Dutse, waɗannan waƙoƙi suka bi sawun malamai da almajirai zuwa Garu da Kiyawa da Jahun da Ringim, ana kwafarsu da tawada a kan takarda, makafi suna rera su a ƙofofin gidaje da bakin kasuwa.

Rubutun ajami da ake kwafarsu da shi yana da wata falala da ba kowa ke lura da ita ba. Mai rubutu in ya zo ga dogon wasali sai ya ja shi da alif ko wau ko ya, in baƙi ya rufe gaɓa sai ya sa masa ɗauri, saboda haka idon mai karatu yana ganin nauyin kowace gaɓa kafin harshensa ya furta. Har ila yau, mawallafi ba ya fara waƙa da lissafin ƙafafu, sai dai ya zaɓi wata waƙa da ya riga ya haddace, ya yi ta gunguninta a ransa har muryar ta zauna, sa'an nan ya riƙa ɗora kalmominsa a kai, wadda ta hau ya bar ta, wadda ta ƙi ya nemi 'yar'uwarta. Shi ya sa har yau in an miƙa wa tsohon mawaƙi sabuwar waƙa, tambayarsa ta farko ita ce a kan wane kari aka yi ta.

Sai boko ya zo. Bayan Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubutun Hausa da baƙaƙen Turawa, aka wayi gari ana rubuta dogon wasali da gajere da harafi ɗaya, garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo suka zama kalma guda a kan takarda. Ga mai karanta wasiƙa wannan ba wata matsala ba ce, mahallin zance kan warware masa, amma ga mai koyon waƙa da ido, babban rami ne, kuma ni kaina na faɗa cikinsa. Ina saurayi na tsara waɗansu baitoci na wa'azi, na ƙirga gaɓoɓinsu da yatsa na ga kowane ɗango ya yi daidai da ɗan'uwansa, na kai wa wani dattijon malami a unguwarmu ina jiran yabo. Na same shi a zaure bayan La'asar, yana zaune a kan buzu, tasbaha na rataye a wuyan hannunsa. Da na miƙa takardar bai ko karɓa ba, ya ce, “Riƙe abarka, ɗana, rera mini.” Na fara, shi kuma ya lumshe ido yana buga ɗan alinsa a kan gwiwa, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ina kai wa ɗango na uku sai yatsan ya tsaya cik. A wurin na kawo maganar mai rai ya bar gadonsa ya koma kabari, ina nufin abin kwanciya, amma karin yana neman gaɓa mai nauyi, sai na ja wasalin don ya cike gurbin. Malam ya buɗe ido ya ce, “Gadon kwanciya kake nufi, ko wanda alƙali ke rabawa?” Na ce, “Allah gafarta malam, na kwanciya.” Ya ce, “To ka zalunci ɗaya daga cikin biyu, in ka faɗe shi daidai baitin ya yi ɗingishi, in ka miƙe baitin ka kashe ma'ana. Koma ka nemo kalmar da za ta shiga ba da duka ba.” Kwana uku na yi ina neman kalma guda.

Manyan mawaƙan ƙarni na ashirin sun tsira daga wannan rami ne domin kafin su riƙe fensir sun riƙe allo. Mu'azu Haɗeja, ɗan wannan ƙasa tamu, wanda ya yi aikin koyarwa a Kano, da Sa'adu Zungur na Bauci, waɗanda Allah ya karɓi ransu a shekara ɗaya, 1958, sun yi waƙa a kan ilmin zamani da giya da karuwanci da makomar Arewa, aka buga su da boko a Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, amma awonsu na zaure ne, ba ya motsi. A wannan zamani ne kuma makarantar turmi da makarantar gafaka suka haɗu a fili. Aliyu Namangi, makahon Zariya, bai taɓa ganin baƙi ko wasali ba, duk da haka ya bar mana Imfiraji, wadda waɗansu malamai ke auna ta da Ramal, alhali daga kiɗan caji ya ɗauko karinta, ya tsarkake shi ya mayar da shi yabon Annabi da wa'azi. Aƙilu Aliyu, mai Fasaha Aƙiliya, shi ma bai ƙyamaci karin makaɗa ba in ya dace da abin da zai faɗa. Da ƙungiyoyi irin su Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha suka samu fili a gidajen rediyo, sai waƙar da boko ya kwantar a takarda ta sake tashi ta koma kunne, samari a garuruwa irin namu suna kewaye akwatin rediyo suna kwaikwayon murya, kamar yadda kakanninsu suka kwaikwayi makafi.

Daga nan ilmin ya shiga jami'a. Tun a 1949 wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa kan bi awon Larabawa. A 1975 Mervyn Hiskett ya fitar da tarihin waƙen Musulunci na Hausa, Farfesa M.K.M. Galadanci kuma ya yi maƙalarsa wadda ya kamanta dangantakar waƙen Larabci da na Hausa da aure. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa ɗalibai hanyar feɗe waƙa da Hausa tsantsa, inda kalmomi irin su ɗango da ƙafa da amsa-amo da zihafi da illa suka zama abin jarrabawa. Russell Schuh kuwa, wanda ya rasu a 2016, ya daɗe yana jan hankalin manazarta cewa akwai kare-karen da asalinsu na gida ne, kuma ba a gama sanin awon waƙa sai an saurari yadda mai ita ke rera ta. Wannan aiki duka alheri ne, sai dai ya zo da wata illa, domin yanzu akan sami ɗalibin da zai cika allon aji da 'yan sanduna da 'yan ƙugiyoyi, ya ambaci sunan bahari da kowane zihafi da ya shige shi, amma a ce ya rera baiti ɗaya sai ya yi ta tuntuɓe, ya zama mai mudu wanda bai taɓa ɗanɗana hatsi ba.

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991 aka mai da Dutse babban birninta, Takur ta cika da gidajen ma'aikata da makarantu, jami'ar tarayya ta zo a 2011, injin niƙa ya karɓe aikin turmi, siminti ya kori daɓe, samari masu sha'awar waƙa kuma suka koma situdiyo, inda na'ura ke ba da bugu wanda ba ya kuskure. Ba na cikin masu cewa an daina fasaha, domin a cikinsu akwai masu kunne na gaske. Abin da nake ji a bakin da yawansu shi ne laifin nan da malam ya kama ni da shi, a ja gajeren wasali, a haɗiye dogo, a murɗe kalma har ta fita daga kamanninta don kawai ta hau kiɗa, kuma ba wani dattijo a gefe da yatsansa zai tsaya.

Maganin ba sabo ba ne, shi ne tertibin da magabata suka bi. Mai son ya mallaki kari ya fara da sauraro, ya haddace waƙoƙin gwanaye masu yawa daga bakin wanda ya iya rera su, ya riƙa buga yatsa yana tafiya da su har ƙafarsa ta ɗauki awon. Sa'an nan ya ɗora nasa kalmomin a kan karin da ya haddace, ya karanta wa wanda ba zai ji nauyin gaya masa gaskiya ba. Bayan wannan duka ya buɗe littafin aruli, zai tarar sunaye ne kawai suka rage masa. Ina roƙon malamanmu na Hausa, daga firamare har jami'a, kada su rubuta baiti a allo su hau feɗe shi kafin ɗalibai su rera shi da baki ɗaya sau uku, kuma ina roƙon iyaye kada su raina zaman da yaro ke yi a wurin karatun Ishiriniya, domin a can ake gyara kunne. Wanda ke shakka, Maulidi mai zuwa ya fito bayan Isha'i ya tsaya a bakin kowane zaure a Takur ya saurara. Allah ya jiƙan malamanmu, ya sa mu gaji kunnensu kamar yadda muka gaji littattafansu.